Yanda nake kai yaran unguwarmu bakin bahar mu dawo da waƙa da zane

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar da maƙwabta suka ga farin yadin nan da yara suka buga surar kifi a jiki ake ta tambayata wai ya aka yi, me ake saya, ina ake zuwa, toh na ga gara in zauna in rubuta komai daga farko har ƙarshe duk mai so ta gwada da nata yaran. Ina cewa "ki" ne saboda galibi mata ke tambaya, amma iyaye maza ku ma da ku, dama ku ne masu motar.

Mu nan Jidda bahar a ƙofar gidanmu yake, daga Sabil ko Karantina ko Gulel ba wata tafiya ba ce ka isa kornish, wato titin shaƙatawa na bakin teku, amma ka tambayi yaro me ke cikin ruwan nan sai ya ce maka kifi, shikenan ya gama. Abin da ya sani kawai a shimfiɗa darduma daren Juma'a a sha shayi a ci abinci a tashi, ledar kuma iska ta san inda za ta kai ta. Wannan abu ya daɗe yana damuna. Na yi faɗa na gaji, faɗa baya zama a kan yaro, amma waƙar da ya yi da bakinsa da zanen da ya yi da hannunsa wallahi suna zama. Sharaɗin guda ɗaya ne kuma shi ne ginshiƙin duk abin da zan faɗa: sai yaro ya gani da idonsa ya ji da kunnensa tukuna a ba shi fensir ko a sa shi waƙa. In kika fara da takarda zai zana miki kifin katun ne mai murmushi, wanda babu shi a Bahar Maliya.

Mataki na farko, ki gama da iyaye

Kafin ki sayi ko fensir ɗaya ki bi gida gida. Maganar kiɗa da zanen abu mai rai kowane gida da fahimtar da suke bi, ni kuma bana jayayya da kowa akan tarbiyyar ɗansa. Gidan da ba sa son kayan kiɗa sai in ce murya ce da tafi kawai irin na gaɗa, wasu sukan yarda da mandiri. Gidan da ba sa son zanen mai rai sai yaron ya zana itace, ganye, sawun ƙafar tsuntsu a rairayi, gidan katantanwa, ko tsarin ɓawon jikin kifi ba tare da kai ba, kuma gaskiya wasu daga cikin zanen da suka fi kyau daga wurin waɗannan yaran suka fito. Yara shida zuwa takwas sun isa, da manya biyu aƙalla. Fiye da haka a bakin ruwa ido baya iya riƙe su.

Na biyu, ke ma ki san abin da za ki nuna

Ba sai kin zama masaniya ba, ki zaɓi halitta huɗu ko biyar ki san su sosai. Ga waɗanda nake aiki da su da kuma hanyar da nake shigar da su kan yaran Hausawa, don in ka haɗa wa yaro sabon abu da wanda ya sani a gida yafi saurin kamawa.

Murjani. Kowace yarinya ta san murjani a wuyan kakarta ko cikin kayan lefe, toh sai in ce musu wannan duwatsun masu rassa da ke ƙarƙashin ruwa danginsa ne duk da ba iri ɗaya ba ne, kuma ba dutse ba ne ba itace ba, dabbobi ne ƙanana ƙanana dubbai da ke gina gidan farar ƙasa suna zaune a ciki. A jikinsu akwai wani ɗan tsiro da ido baya gani, shi ke ba su abinci da kala, in ruwa ya yi zafi da yawa ya daɗe sai su fitar da shi su koma fari fat, in zafin bai sauka ba su mutu. Yaro in ya taka ko ya ɓalle reshe ɗaya ya rushe ginin shekaru.

Harid, kifin nan kore da shuɗi mai baki kamar na aku. Da bakin yake kankare gansakukar da ke kan murjani, yana haɗiye har da ɗan dutsen, ya niƙa ya fitar da shi rairayi. Ranar da na faɗa wa yara wani ɓangare na farin rairayin da suke wasa a kai ta cikin harid ya biyo sun yi ta ihu, amma har yau babu wanda ya manta. A tsibiran Farasan da ke gaban Jazan duk shekara wajen watan Afrilu harid kan taru ya shigo ruwa mara zurfi mutane su faɗa kamu, biki guda ake yi, mai tuna bikin Argungu zai gane irin abin.

Kififiyar bahar, wato kunkurun ruwa. Macen tana fitowa da dare ta haƙa rami a rairayi ta zuba ƙwai wajen ɗari ta rufe ta koma ruwa, sai bayan kamar wata biyu 'ya'yan su fito su nufi inda yafi haske, wanda a asali shi ne saman ruwa, shi yasa fitilun mota da na gine gine ke ɓatar da su su nufi tudu. Zafin rairayin ma shi ke raba mace da namiji, in ya yi zafi sosai mata sun fi yawa. Ras Baridi da ke arewa da Yanbu sananne ne wajen wannan saka ƙwai. Leda kuma in tana yawo a ruwa kama take da ƙandilul bahar, wata halittar ruwa mai taushi da suke ci, sai su haɗiye ta toshe musu ciki.

Ayun bahar. Mutanenmu na bakin Binuwai da Kwara sun san ayu, toh a nan ma akwai ɗan uwansa, Larabawa na ce masa aɗum ko arusatul bahar, ciyawar ƙarƙashin ruwa yake kiwo kamar saniya kuma yana shayar da ɗansa nono. Da wuya ku gan shi, amma labarinsa na da daɗi a waƙa. A ɗaya gefen bahar ɗin, ƙasar Sudan, yankin Dungunab da Sanganeb inda yake rayuwa UNESCO ta sa su cikin wuraren gado na duniya a 2016, ina faɗar wannan ne saboda cikin yaran akwai waɗanda danginsu ke Bur Sudan, sai su ji ashe ruwa ɗaya muke sha'ani da shi.

Sai itacen shora, wasu su ce ƙurm, wanda ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa na ɓullowa sama daga laka kamar an kafa fensira don su shaƙi iska, ganyensa kuma na fitar da gishiri har ki gan shi fari fari. A tsakanin saiwoyin nan 'ya'yan kifi da jatan lande ke ɓuya har su girma. Bahar Maliya dama yafi yawancin tekuna gishiri, wajen giram 40 a lita ɗaya inda sauran ke wajen 35, don babu wani kogi mai gudu duk shekara da ke zuba a cikinsa ga rana tana ƙafar da shi.

Na uku, ku fara da Bangala, kasuwar kifin Jidda, ba da kornish ba

Wannan shawarar da kuɗi ba za a saya ba. Kasuwar kifi ita ce wurin da yaro zai ga kifi kusa da kusa ya daɗe yana kallo kifin bai gudu ba. Ku je da sassafe, kowa da ƙaramin littafi da fensir baƙi kawai, babu kala. Ki gaida mai kifin ki nemi izini kafin yara su tsaya a gaban teburinsa, ki kuma sayi wani abu a wurinsa, sana'arsa yake. Sai ki ba kowane yaro kifi ɗaya ya lura da shi: najil ja mai ɗigo ɗigon shuɗi, hamur mai ƙaton baki, sha'ur, sijan mai ƙaya, harid. Tambayoyin da nake yi ba su wuce uku ba, ina bakinsa yake kallo, jelarsa a rabe take ko a dunƙule, fukafukai nawa ka ƙirga. Kar ki ce "zana kifi", ki ce "zana min bakinsa kawai". Yaron da ya ce bai iya zane ba zai iya zana baki.

Ki bar yaran su yi wa mai kifin tambaya da kansu, da Larabcinsu da ya fi namu. Su tambaye shi wane kifi ne ya yi ƙaranci yanzu fiye da da, me yasa wani lokaci ba a samun najil sabo. A nan za su ji cewa hukuma na hana kamun najil da ɗan uwansa ɗaradi a watannin Afrilu da Mayu saboda lokacin ƙwansu ne, kuma jin wannan daga bakin mai sayarwa yafi jinsa daga bakina nesa ba kusa ba. Kafin ku fita ki sayi kifi ɗaya matsakaici mai faɗin jiki, ki ce kar a kankare kar a yanka, za a yi aiki da shi a gida.

Na huɗu, bakin ruwa, kuma da shiru ake farawa

Lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Maris, bayan asuba ko bayan la'asar. Ki nemi wurin da aka yarda a sauka, inda aka sa allon hana iyo kar ki kuskura. In ana son ganin shora sai an ɗan fita gari, wajen Suwal ta arewa ko Shu'aiba ta kudu. Shu'aiba ma tana da nata tarihin, ita ce tashar jiragen ruwan Makka kafin Sayyidina Usman ya mayar da tashar zuwa Jidda, daga nan sahabbai suka hau jirgi zuwa Habasha a hijirar farko, yara na son jin wannan suna tsaye a wurin.

Dokokina kafin a buɗe ƙofar mota: kowa da takalmi mai rufi ko cikin ruwa ne saboda bushiyar bahar da kifin da ke kwanciya kamar dutse mai dafi, ba a ɗaukar katantanwa mai siffar mazurari don wasu na harbi, ba a taɓa murjani, kuma babu abin da zai biyo mu gida sai shara. Wannan ta ƙarshe da zafi na koye ta. Zuwanmu na farko na bar su suka cika gwangwani da gidajen katantanwa, sai da muka isa gida na ga ashe da 'yan ƙaguwa a ciki, irin waɗanda ba su da gida nasu sai su ari wanda aka bari, duk sun mutu a zafin mota. Wata yarinya ta yi kuka sosai ni ma abin ya tsaya min a rai kwana da kwanaki. Tun daga nan ko wuri suka tsinta, irin wanda kakanninmu suka yi kuɗi da shi, sai dai a zana shi a mayar inda aka ɗauka.

Toh sai a zauna a rufe ido minti uku, babu magana. Da farko za su yi ta ƙyalƙyala dariya, ki ƙyale su, zai wuce. Bayan nan kowa ya faɗi sauti nawa ya ji ya kwaikwaya da baki. Wani zai ce shaaa, wani ya ce ai biyu ne, akwai na zuwa akwai na komawa kuma na komawar ya fi tsawo yana jan tsakuwa, toh wannan yaron ya fara ji kenan. Ki ɗauki sautin a jawwal, wato wayar hannu, minti ɗaya na igiyar ruwa, minti ɗaya na tsuntsaye. Ki sa su ƙirga da tafi, tafi nawa ne tsakanin igiya da igiya, wannan ƙirgar ita za ta zama kiɗan waƙarku, kar ki raina ta. Sannan a duba ƙasa: ramukan ƙaguwar rairayi da 'yar dalar yashin da take tarawa kusa da ramin, sawun zalɓe, sawun tsuntsayen da ke gudu gudu a gaban ruwa. A zana su nan take. Minti goma sha biyar na ƙarshe kowa ya sa safar hannu a tsinci shara, murafen gora daban, igiyar kamun kifi daban, gilas da allura manya kaɗai ke taɓawa.

Na biyar, a dawo da sautin bahar cikin falo

Nan ne kayan gidanmu suka fi na kanti. Ki zuba gero ko adas a babban faranti mai baki ki riƙa karkata shi a hankali dama da hagu, wallahi igiyar ruwa sak, ki kunna wanda kuka ɗauko a jawwal su gwada su daidaita. Ƙwarya a kife cikin baho mai ruwa irin na kiɗan amada tana ba da wannan dum dum mai zurfi, in babu ƙwarya robar da ta yi kama da ita ma ta yi. Gorar ruwa da tsakuwa ta zama caki, leda mai ƙara in aka murza ta a hannu tana yin ƙas ƙas ɗin da masu nutso ke ji a kan murjani, kamar ana suya, wasu ƙananan jatan lande ne ke yinsa da ƙahon hannunsu. Mutanen gaɓar nan ma suna da nasu, masunta da matuƙan Yanbu da simsimiyya, wani abin kiɗa mai tsirkiya, suke rera waƙoƙin bahar, ki nemo musu su ji ko sau ɗaya don su san ba mu muka fara yi wa ruwan nan waƙa ba.

Na shida, waƙar kanta

Salon gaɗa nake bi, bayarwa da amshi, saboda ko yaron da Hausarsa ta gauraye da Larabci yana iya riƙe amshi. Ƙa'idata biyu ce. Duk baiti sai ya ƙunshi abu na gaskiya da muka gani ko muka koya, kuma waƙar sai ta ƙare da aiki ɗaya da yaro zai iya yi da hannunsa. "Mu kare muhalli" ba aiki ba ne, yaro bai san inda zai kama ba. "Ɗauki murfin gora" aiki ne. Ga wadda muka haɗa:

Kififiya ina za ki?
Bakin rairayi, bakin rairayi.
Da daren nan me za ki yi?
In haƙa rami in zuba ƙwai.
'Ya'yanki wa zai nuna musu hanya?
Hasken ruwa, hasken ruwa.
Mu kuma me za mu yi miki?
Ku kashe fitila, ku kwashe leda.

Ni na ba da layin farko kawai, sauran su suka kawo muna gyarawa tare. Yanda za ki yi, ki fara samun amshi gajere wanda ya hau kan tafin da kuka ƙirga, a maimaita shi har ya zauna, sannan ki riƙa jefa tambaya su amsa a madadin dabbar. In layi ya yi tsawo ya ƙi hawa tafi kar ki hanzarta shi, a rage kalma. In yaro ya kawo abin da ba haka yake ba, misali wai kififiya na zama ta yi renon 'ya'yanta, kar ki bari ya wuce don yana da daɗin rerawa, ki ce mu koma mu tuna me ke faruwa bayan ta rufe ramin. Kalmar Larabci in ta shigo ki bar ta, harid harid ne, ba sai an nemo masa wani suna ba.

Na bakwai, zane

Bugun kifi shi ne wanda kowa ke tambaya, asalinsa masuntan Japan ne ke yi don adana girman abin da suka kama. Ki wanke kifin da gishiri ko lemon tsami har santsin ya fita, ki tsane shi sosai da tsumma, in da danshi zanen zai caɓe. Ki kwantar da shi a kan kwali ki buɗe fukafukan ki tallafe su da ɗan kwali ta ƙasa. Kalar abinci za ki yi amfani da ita, mai ɗan kauri, saboda bayan an gama a wanke kifin a dafa, ba a wasa da abinci a zubar, shi yasa ma ake yi da sauri a ɗaki mai sanyi. A shafa da soso daga kai zuwa jela, siriri, a bar ido ba kala. Sai a ɗora farin yadi ko takarda mai laushi a bi da yatsu a hankali ko'ina ba tare da an ja ba, a ɗaga daga wajen kai. Na farko yawanci kalar na yin yawa, na biyu da na uku ne ɓawon ke fitowa ɗaya bayan ɗaya. Ki sa yaro ya rubuta sunan kifin da ranar a ƙasa.

Sharar da kuka tsinto kuma a wanke a shanya, a zana babbar kififiya ko itacen shora a kwalin firji, a cike da murafen gora da gam, kala kala. Kafin a manna a ƙirga a rubuta adadin a gefe da sunan wurin, wannan lambar ta fi zanen muhimmanci a wurina. Ƙananan yara su kuma a ba su busasshen ganyen shora wanda ya faɗo da kansa, su sa ƙarƙashin takarda su goga kala a kai.

Daga ƙarshe ki kira iyaye ranar Asabar bayan la'asar, ko a falo ko a soro, a jingina zanen a bango yara su yi waƙarsu, kowane yaro ya tsaya gaban nasa ya faɗi abu ɗaya da ya gani. Ni nakan sa babba a cikinsu ya buɗe da ayar nan ta 41 a Suratur Rum mai maganar ɓarna ta bayyana a tudu da teku saboda abin da hannayen mutane suka aikata. Kar a raba lemo a kofin roba a ranar, yaran da kansu za su yi magana. Kwalin mai lamba ki adana shi inda ba zai jiƙe ba, bayan wata uku ku koma daidai wurin da kuka je, daidai lokacin, a sake tsintar minti goma sha biyar a ƙirga a rubuta sabuwar lambar a ƙarƙashin ta farko, sannan a ƙara wa waƙar baiti ɗaya akan abin da aka tarar. Mu namu zuwan na gaba na harid ne, amshin ma har sun fara rigima a kansa.